Mun Je Kebbe Kallon Jaririn da Ba Ya Kuka

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ni da yayata, ko kunu ban sha ba. Yau kwana fuɗu da dawowarmu.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, tana da digiri, yanzu kuma tana ƙarin karatu ta yanar gizo a kan lafiyar tunanin jarirai. Malamanta ba ta taɓa ganinsu ido da ido ba, sai a fuskar waya, shi ma in sabis ya ga dama. Da farko dariya nake yi mata. Na ce, "Yaya, jaririn da bai san komai ba sai nono, wane tunani gare shi?" Cikin aikin da aka ba ta har da zama gaban uwa da jaririnta awa ɗaya cur, ba magana, ba shawara, ba taɓa yaro, kallo kawai. In ta fito ta rubuta abin da ta gani ta tura musu. Wata abokiyar aikinta a Kebbe ce ta ba ta labarin wani yaro ɗan wata bakwai da duk unguwa ke yabo saboda ba ya kuka, ta kuma nemo mata izinin mutanen gidan. Innarmu ta ce Yaya ba za ta bi wannan hanya ita kaɗai ba, sai aka haɗa ta da ni, kamar ni zan iya tare wani abu.

Kuɗin mota ya kusan ninka na bara, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Damina ta cinye hanya, rami na bin rami. Gero ya fi mutum tsayi hagu da dama. Da can in na ga haka daɗi nake ji, ran nan kuwa sai leƙen tsakanin kara nake yi. Wani dattijo daga Dogon Daji yana ta faɗa da kajinsa yana ba mu dariya, har muka iso wani ƙauye da babu hayaƙi ko a gida ɗaya. Ƙofofi a buɗe, ciyawa ta cika tsakar gidaje, ga turmi a kife. Dattijon ma ya rabu da kajinsa. Salati kawai ake yi ƙasa-ƙasa.

A Kebbe muka ci masa da soyayyen kifi, wato Yaya ta ci, ni na riƙe. Daga nan 'yan kabu-kabu biyu suka kai mu wani ƙauye wajen Fakku, suka ce za su je su dawo su ɗauke mu.

Kakar yaron ce ta tarbe mu da fura mai sanyi. Ta ce ba 'yan garin ba ne, wata biyar ke nan da mutanen daji suka tashe su, kowa ya bi inda ƙafa ta kai shi, suka haɗu a nan gidan dangi. Uban yaron ya tafi kudu neman abin yi tunda gona ta gagara. Uwar na zaune bakin gado, ba za ta girme ni sosai ba. Yaron na kwance kan tabarma, ita ta juya fuska ga bango.

Kakar ta ce wa Yaya, "Kada ki damu da ita, Malama, kunya ta. Ɗan fari na. Mu ba mu kallon ɗan fari gaban mutane, ko suna nai ba mu faɗi. Shi ko yaron kirki na, ba shi kuka ko kaɗan."

Ni ma na yarda, don har yau Innarmu ba ta kiran sunan Yaya.

Muka zauna. Ban taɓa sanin awa ɗaya tana da tsawo haka ba. Ƙuda ya sauka a idon yaron, bai kore shi ba. Idanunsa a buɗe, suna kallon rufin ɗaki, ba su bin kowa. Uwar ta ɗauke shi ta ba shi nono tana kallon bango, ta mayar da shi kamar an ajiye ƙwarya.

Saura kaɗan awar ta cika sai 'yan kabu-kabunmu suka dawo, suna murɗa mai a ƙofar gida. Wallahi ban ga lokacin da uwar ta tashi ba. Ta fizgi yaron, ta danne baki da hancinsa da tafin hannu, ta durƙushe bayan gado. Yaron kuwa bai motsa ba. Bai harba ƙafa ba. Ya rufe ido kawai, kamar wanda ya saba.

Yaya ce ta karya dokar karatunta, ta durƙusa gabanta tana cewa, "Namu na, ƙanwata, masu ɗaukarmu na. Sake shi." Kakar ta shigo da gudu, ta riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya ja numfashi mai tsawo. Bai yi kuka ba.

A nan muka fara jin muryar uwar. Ta ce, "Kwana biyu munka yi cikin daji, Inna. In ya yi kuka sun ji mu."

Kakar ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ashe ba kunya ta ba. Wata biyar ke nan nika yabo nai."

Yaya ta roƙe ta ta kawo su asibiti Tambuwal, uwar da ɗan duka, ta ce za ta tambayi malamanta yadda ake fara irin wannan. Kakar ta yi alkawari. Muka baro garin kafin la'asar don direbobi ba sa yarda rana ta yi sanyi a hanyar. Ban ga komai ba a dawowa, fuskata na cikin hijabi.

Da muka iso gida Yaya ta rubuta komai, har da cewa ta yi magana kuma ta taɓa yaron. Ni kuwa ina shiga tsakar gida na ji jaririn maƙwabtanmu yana tsala kukansa da ke hana ni barcin rana, na tsaya jikin katanga ina saurare har ya gama.

Tafiyar nan ta koya mini cewa in aka yaba mini jariri da haƙuri, in tambayi abin da ya gani. Jiya kakar ta cika alkawari, sun zo. Yaya ta zaunar da uwar fuska da fuska da ɗanta, uwar ta dube shi na ɗan lokaci, shi ya kawar da kai. Har yanzu bai yi kuka ba. Shi muke jira.