Ranar da ƙaramar motata ta kai Gwaggo filin jirgi

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, na taɓa mallakar wata 'yar ƙaramar mota. Ta hannu na saye ta, wajen wani malamin makaranta ɗan China da ya gaji da ita. Fara ce mai ƙofa huɗu, giyar hannu, gilashinta ma da hannu ake murɗawa. In ka kunna mata sanyi a kan hawa, to sai ka zaɓi ɗaya, ko sanyin ko gudun. Abokaina gwangwanin madara suke kiranta, ni ma in ba a gabanta ba nakan taya su.

Amma fa ban taɓa murɗa mata makulli sau biyu ba. Mai kaɗan take sha. In wani abu ya lalace, kowane bakanike na bakin titi yana da shi a rataye. Lungunan bayan kasuwar Canaan, inda manyan motoci ke cirko-cirko suna ta hon, ita sai ta sulale ta wuce abinta. But ɗinta kuwa, in ka kalle shi daga waje ka rantse jaka biyu ba za ta shiga ba, alhali na sha cusa masa Gana-mas-go huɗu in danne da gwiwa.

A wata damina gwaggona ta zo sarin kaya. Yayar mahaifina ce, kayan yara take sayarwa a Kano, kuma wannan ne zuwanta na uku. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. Ta Hong Kong ta shigo, ta ƙaraso a jirgin ƙasa. Da na je ɗaukar ta, ta zagaya motar sau ɗaya, sannan ta tambaye ni ko uwar motar ce ba ta da lafiya aka aiko 'yarta. Duk da haka 'yar ce ta yi ta jigilarta kusan wata guda, daga manyan shagunan titin Guangyuan zuwa Liwan, daga can zuwa wajen masu aika kaya, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ranar komawarta. Tashin jirginta ya zo daidai da ranar ƙarshe ta bizarta. In ta rasa shi, na gaba sai bayan kwana uku, kuma a lokacin ba a wasa da baƙon da ya wuce wa'adinsa: tara ce, wani lokaci har da tsarewa. Gwaggo ta haura sittin, ga hawan jini. Mahaifina kuma tun kafin ta taso ya kira ni ya ce amana ce ya ba ni. Tun ana saura mako guda nake duba fasfonta kullum kamar kwanan zai sauya.

Sai kuma babbar rigimar. Filin jirgin da Gwaggo ta sani ba ya aiki. A zuwanta na baya yana nan kusa da kasuwa, kana tsaye kana ciniki har tayoyin jirgi kake gani yana wucewa ta kanka. Mutum ya gama sayayya, ya sha shayi, ya je ya hau. 'Yan watanni kafin zuwanta aka rufe shi aka koma sabo can bayan gari, tafiyar kusan awa guda in hanya ta yi kyau. Na faɗa mata ya fi a ƙirga. Ta ce filin jirgi ba rumfar mai tumatir ba ce da za a ɗage a kai gaba, mu dai da muka zauna a waje komai sai mun sa masa gaggawa. Na ce ta ɗaga kai ta dubi sama, tun da ta zo ta ga jirgi ko ɗaya? Ta ce ita kaya ta zo dubawa.

Ta ma riga ta shirya da wani abokina mai babbar mota baƙa, irin wadda kake jin nauyin shiga da takalmi, shi zai kai ta, don a cewarta ba za ta bar ƙasar mutane a cikin gwangwani ba. Da safe ya kira ni. Mota ta ƙi tashi. Bakanike ya duba, ya kaɗa kai ya ce meyo, wato babu, abin da ya lalace sai an aiko daga wani gari. Na dubi 'yar motata a ƙofar gida, na dubi jakunkunan Gwaggo, na ɗauko makullina.

Jirgi ƙarfe shida na yamma ne, ana rufe kantar karɓar kaya ƙarfe biyar. Na ce mu kama hanya ƙarfe ɗaya. Gwaggo ta ce to, amma sai ta yi sallama da mutane tukuna.

Wanda ya zauna da tsofaffinmu ya san sallamarsu ba ta bakin ƙofa ba ce. Sai an shiga an zauna, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an karɓi sallahun da za a kai wa 'yan'uwa, sannan a ƙarshe a nemi gafara. Gwaggo ba ta tashi daga wuri sai ta ce a yafe mata, ko Allah bai ƙaddara sake ganawa ba.

Muka fara da wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya ajiye mata kaya a shagonsa. Ya ba da ƙulli a kai wa ƙanwarsa a Kano, ya kuma rantse ba za ta tashi ba sai ta ci shinkafa. Daga nan sai gidan wani ɗalibi ɗan Katsina da matarsa ta haihu, hawa na shida, babu lif. Gwaggo ta hau tana hutawa a kowane bene, ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, ta zaunar da mai jego tana koya mata yadda ake wanka. A nan muka yi azahar, ni dai ban san me na karanta ba. Muka sauko da wata jakar kuma. Na zauna a mota, na fito, na zagaya ta, na koma na zauna. Agogon hannuna na cire na sa a aljihu, minti biyu na sake ciro shi.

Ta ƙarshe ita ce wata 'yar China mai shagon takalman yara, wadda suka yi wata guda suna faɗa da Gwaggo a kan kalkuleta. Gwaggo ta tsayar da ni ta ce in fassara wa matar, duk abin da ta yi mata a ciniki tana roƙon ta yafe mata. Matar ta ɗauka wani aibi aka samu a kayan, ta fara ciro takardu. Da na yi mata bayani sai ta tsaya tana kallon Gwaggo, idonta ya yi ja, ta shiga ciki ta fito da takalma ƙafa biyu ta ce a kai wa jikoki. Su suna riƙe da hannun juna, ni ina tafasa.

Ƙarfe uku da rabi muka tashi. But ya cika, kujerar baya ta cika har rufi, jaka ɗaya tana kan cinyar Gwaggo. Bayan motar ya zauna har ina jin tsoron ya goge taya. Sai a sannan na lura allurar mai ta yi ƙasa, don ban sha mai ba, tunda da farko ba ni zan kai ta ba. Babu lokacin tsayawa.

Da muka zo daidai katangar tsohon filin, Gwaggo ta ce in karya nan, ai ga shi. Ban karya ba, na dai rage gudu ta leƙa. Fili ne fetal, babu jirgi ko ɗaya, ciyawa ta fara fitowa. Ta daɗe tana waige. Can ta ce, “Babana, da nisa?”

Na ce, “Da nisa, Gwaggo.”

Ban rufe baki ba ruwa ya kece, irin ruwan garin nan da ba ya sallama. Kafin mu kai bakin babbar hanya ruwa ya taru a ƙarƙashin wata gada, motoci sun yi layi, wasu sun mutu a ciki, masu su na tsaye da lema. Ƙarfe huɗu ta gota. Na ji gumi na bin bayana duk da ruwan. Sai na tuna lungunan unguwar da ke gefe, inda nake bi in zan kai kaya sito. Na naɗe madubai biyu na kutsa. Wani mai kayan miya ya janye kwandunansa yana yi mini faɗa, na ba shi haƙuri ta taga. Ruwa ya kai rabin taya. Na sa giya ta ɗaya, na ƙi ɗaga ƙafata daga totur, ina ta roƙon Allah kada ta mutu a nan. Ba ta mutu ba. Da a ce da motar abokina muka zo, ko bakin lungun ba za ta shiga ba.

Muka ɓulla gaban gadar muka hau babbar hanya. Na taka ta iya ƙarfinta, sitiyari na rawa a hannuna, waifa na ta fama. Gilashi ya yi hazo daga ciki, Gwaggo ta miƙa hannu tana goge mini da gefen mayafinta. Sai fitilar mai ta kama. A nan ne haƙurina ya ƙare, na faɗi abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa yayar mahaifina ba.

“Gwaggo, in aka tsare ki, mai takalma ce za ta zo ta fitar da ke, ko Alhajin Maraɗi? Tun safe nake magana kamar mahaukaci. Wallahi na gaji da ke.”

Ta ci gaba da goge gilashin.

Biyar saura minti bakwai muka isa. Na bar motar inda ake sauke fasinja, wurin da ba a yarda a bar mota ba, na loda jakunkuna a keken kaya biyu ina tura ɗaya ina jan ɗaya. Ma'aikaciyar kantar karɓar kaya ta riga ta fara tattara takardunta. Duk Sinancin da na koya a shekara huɗu na zube mata a minti guda. Ta kira shugabanta, ya dubi fasfon, ya dubi tsohuwa jiƙe sharkaf tana haki, ya ce a karɓa. Aka auna kaya, wani ma'aikaci ya riƙe fasfonta yana yi mata alama ta yi sauri.

Gwaggo ta kama wuyan hannuna ta ce, “Babana, tsaya mu yi sallama.”

Na ce, “Don Allah Gwaggo ki wuce kawai, ma yi waya.” Na zare hannuna na ruga wajen mota kada a ja ta. Sau ɗaya na waiwaya, bayan mayafinta kawai na hango tana shigewa.

Na tarar da mai gadi yana rubuta lambarta, na lallashe shi. Murɗa ɗaya ta tashi, kuma da ɗan abin da ya rage a tanki ta kai ni gidan mai. A nan na zauna ina dariya ni kaɗai. Mako guda na yi ina ba abokai labari, ina ƙara zurfin ruwan a kowane zama. Daga ranar ba wanda ya sake ce mata gwangwani a gabana.

Gwaggo ta sauka lafiya. Mun yi waya sau da yawa bayan nan, amma duk maganar kaya ce, yaushe za su iso, wane launi ya fi tafiya. Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sau biyu ko uku na buɗe baki zan ba ta haƙuri sai in ji nauyi, in ce wannan ba maganar waya ba ce, in na je gida zan durƙusa a gabanta in yi yadda ya kamata. Saura wata huɗu in je ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Motar ta ƙara shekara biyar a hannuna, ba ta taɓa bari na a hanya ba, har na sayar wa wani ɗalibi da zan dawo gida. Har yau in matashi ya tambaye ni wace mota zai fara saye, irinta nake nuna masa, wadda za ta tashi da safe kuma aljihunsa zai iya da ita. A ranar nan ita ta yi duk abin da ake nema a wajen mota, ta kai Gwaggo a kan lokaci. Abin da ya rage nawa ne, kuma minti ɗaya kawai yake buƙata. Tsohuwar nan ta nemi gafarar kowa a garin, har wadda ba ta jin yarenta, ni kaɗai ne na zare hannuna, kuma ni ne mai laifin.

Yanzu in zan kai mutum filin jirgi, nakan fita da wuri har 'ya'yana su yi ta yi mini dariya. In mun isa sai in sami wurin da aka yarda a ajiye mota, in kashe ta. Kafin ya kai hannu ga ƙofa nake ce masa ya yafe mini.