Mukhtaru Kyaftin da Zakunan Rusaifa

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mukhtaru a shekarar 1378 bayan Hijira, a unguwar Jarwal ta birnin Makka. Mahaifinsa Malam Yari Bakano ne da ya zo aikin Hajji ya zauna, mahaifiyarsa kuwa Hussaina, mace mai haƙuri, haƙurin da ko ɗigo ɗan bai gada ba. An sa shi makaranta, amma bai daɗe ba malamai suka yi hamdala da tafiyarsa.

Aikinsa

A shekarar 1396 ya shiga garejin gyaran motocin alhazai, inda ya tarar da Pakistanawa, kuma a hannunsu ya koyi kurket, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya make ta da faffaɗar sanda. A 1405 ya kafa ƙungiyar Zakunan Rusaifa, mai sunan wata unguwa ta Makka, suna wasa duk Juma'a bayan La'asar a wani fili mai tsakuwa. Gaskiya dai a faɗe ta: shekara da shekaru babu ƙungiyar ma'aikata da ta iya da su, har daga Jidda ake zuwa a sha kashi a koma.

Aurensa

Ya auri Batulu a 1408, baiwar Allah da ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke fararen kayan wasa, kuma ko sau ɗaya ba a ce mata sannu ba.

Taurin Kansa

Mukhtaru ya kafa doka cewa ba a shiga Zakuna sai wani ya mutu ko iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare an mayar da shi ƙasarsu. A 1438 wasu samari 'yan Najeriya da Nijar masu aikin gini, ƙarƙashin wani Hafizu, suka zo neman shiga. Hafizu ya durƙusa ya ce, "Baba, ko tsintar ƙwallo ce a ba mu." Mukhtaru ya ce, "Khalas, ya walad! Ya isa, yaro! Ku da kuka sauka jiya? Ku je ku yi ta kwaɓa siminti." Haka fa ya faɗa, a gaban mutane, shi wanda ubansa ma da ƙafa ya iso garin nan!

Samarin suka kafa tasu a unguwar Shisha. Zakuna kuwa suka yi ta tsufa, wannan ciwon gwiwa, wancan sukari, mai tsaron baya ko ƙwallon ba ya gani sai ta buge shi. A 1445 'yan Shisha suka lallasa su, suka sake, suka kuma. Batulu ta ce masa, "Abu Hatim, zamaninku ya wuce, ka kira yaran nan." Ya ce, "Iska ce ta yi yawa." Wace iska, don Allah? Abokansa kuma, munafukai, suka ce ƙwarai iska ce.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Rajab na 1446, yana nan a kan bakansa cewa mako mai zuwa za su rama. An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Da aka zo ɗaukar makara Zakuna suka matso, suka kama, suka kasa ɗagawa. Hafizu da mutanensa ne suka ɗauke shi har bakin kabari, tsofaffin na biye suna haki.

Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya uku: Hatim, Turki da Tahani. Mazan biyu ƙwallon ƙafa suke kallo. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa taurin kai.