Bututun Bayan Randa

Yayana mushe ne, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko, a Dungas, kuma a shekarar nan roka ta shiga kansa. Da kwali da gam ya ƙera ta, tsawonta kamu biyu, ya haɗa bututu uku masu maganin wuta da za a cusa a gindinta. Ya ce sharaɗin ɗaya ne, ukun su kama tare. In ɗaya ya makara, ba sama za ta yi ba, gefe za ta yi.

Ni ya ba ajiyarsu. Bazara ce, ɗakina kamar tanda, ina tsoron su tashi da ni. Sai na kai su inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, bayan randa. Ran da za a harba, na tarar ɗaya ya gangaro kan jiƙaƙƙen rairayin da randar take zaune. Na goge shi da zanena, na ɗan shanya, na miƙa wa Yaya. Ban faɗa masa ya jiƙe ba. Bakina a kan kowa kaifi gare shi, amma ban da shi.

Gonar kawunmu muka je, a hanyar Guci, tunda ba a yi shuka ba. A gefenta rumbunsa yake, da geron da zai kai gidansa kaka. Ina ganin rumbun nan na tuna da jiƙaƙƙen bututun.

Na ce, "Yaya, mu ƙara matsawa mana."

Ya ce, "Na auna, taku ɗari ne. Ke dai koma baya."

Ya haɗa waya da batirin motonsa, wato babur ɗinsa. Biyu suka kama. Na ukun ya yi tari, ya yi shiru. Rokar ta ɗan tashi, ta karkace, ta miƙe sak ta soke jinkar rumbun.

Da rairayi muka kashe wutar, da hannuwanmu. Jinkar ta ƙone, da dammunan sama. Kawu ko faɗa bai yi ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Tuwo mai ƙaurin hayaƙi iyalinsa suka ci har kaka, shi ma ba kullum ba.

Yaya ya yi wata guda yana sake lissafi a kayensa, littafin da yake rubutu a ciki, yana neman inda ya kuskure. Bai samu ba. Ya ce kansa ne bai kai ba, ya bar roka har yau.

Kayen yana cikin akwatina. Na san babu kuskure ko ɗaya a ciki, kuma har yanzu na kasa faɗa masa.