Hannun da Kaka Ta Hana Ɗagawa

Bayan gidana a Bosso akwai wata firamare, kuma kullum da hantsi ina jiyo yara suna kaɗa yatsu suna "Malama ni! Malama ni!" Wani zai ce surutu ne. Ni kuwa da na ji sai ƙanwata ta faɗo mini a rai.

A gidan haya muka tashi a Kpakungu, a hannun kakarmu. Na girmi ƙanwata, amma ajinmu ɗaya, don an tsallakar da ita. Ni baki gare ni kamar rediyo, ita ce mai kan. In ruwan damina ya tsare mu a ɗaki, kwanon rufi na ƙara ba ka jin maganar kowa, sai ta ja littafina ta yi mini lissafin da ya gagare ni tana cin gyaɗa.

Malamarmu, 'yar kudancin Kaduna, a layinmu take. Wata rana ta tsaya wurin tuyar ƙosan Kaka, a gaban masu saye, ta ce, "Mama, wannan yarinya naki, kanta ba irin na kowa ba ne. Za ta yi likita!" Kaka ba ta yi murmushi ba. Tana da dalili. Ɗanta na fari haka aka yi ta yabon ƙwaƙwalwarsa a unguwa, zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke shi, kuma har ta bar duniya ba wanda ya iya raba ta da cewa bakin mutane ne. Da yamma ta zaunar da ƙanwata, ta tofe ta da addu'a, ta ce, "Abin da kika sani ki bar shi a cikinki. Kada na ji kin ƙara ɗaga hannu." Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta ce maigida ya ɗaga har ƙafa, ba bakin da zai kama shi.

Ana nan sai wasu malaman jami'a suka zo zaɓen yara masu hazaƙa, waɗanda za a riƙa koya wa darasi na musamman ranar Asabar, a kuma shirya su shiga babbar makaranta. Ba su ba da jarrabawa ba. Bokitin ruwa suka ajiye, suka cusa takarda a gindin kofi, suka kifa shi ciki, suka ciro takardar a bushe. Suka ce wa zai faɗi dalili?

Na miƙe na ce takardar roba ce. Suka yi dariya, suka ce yaron yana da ƙarfin hali, suka ɗauke ni. Malama ta matso kusa da ƙanwata tana cewa, "Ke, yi magana mana, kin sani!" Ina ganin hannun ƙanwata a kan benci yana motsi. Sai ta ɗauke shi ta zauna a kai.

A hanyar gida ta ce mini, "Yaya, iska ce a ciki, ita ta tare ruwan. Haka kwalba take yi in ina wanke ta." Malama ta je ta roƙi Kaka har ta gaji. Kaka ta ba ta ƙosai kyauta, ta sallame ta.

Ajin Asabar ɗin nan shi ya buɗe mini hanya har na yi digiri a jami'ar da ke Gidan Kwano. Ƙanwata ta gama sakandare ba wanda ya san da ita, yanzu ɗinki take a Kpakungu. Yau iyaye har a waya suke tallar sakamakon 'ya'yansu, ba mai tsoron baki. Ina jin takaicin abin, kuma na kasa jin haushin tsohuwar da ta riga ta binne ɗa.

Kwanaki na tambaye ta ko tana riƙe da Kaka a zuciya. Ba ta ɗago daga kan keken ɗinki ba.

Ta ce, "Ai ga ni da rai, Yaya. Abin da ta roƙa ke nan."