Zare Biyu a Riga Ɗaya

Yau kasuwar Ajingi ke ci, ina gindin darbejiya ina jiran motar Gaya ta cika. Kusa da ni wani dattijo na zaune a kan buzu, da farar babbar riga a cinyarsa. Siriri ne, yatsunsa duk sun yi kanta. Idanunsa kuwa sun yi yana, kamar an ɗiga musu nono.

Mai rigar na tsaye a kansa yana faɗa.

"Haba Baba! Adon aska biyu na ce ka ɗinka mini a gaban rigar, duk da farin zare. Dubi ta hagu, ruwan ƙwai ce! Da wannan zan shiga mutane?"

"Alhaji, shekarata arba'in a aikin nan, ban taɓa haɗa zare ba."

Alhajin ya yi tsaki ya wuce wajen masu ɗinkin keke. Dattijon bai kira shi ba. Shafa ɗinkin kawai yake yi a hankali, kamar mai shafa kan maraya. Aikin dai ba makusa, ko zare ɗaya bai kauce ba. Ina jin a gida an kasa gaya masa ne cewa idonsa ya daina rabe launi, ko kuma ba kowa a gidan.

Can ya juyo inda ya ji motsina, ya rage murya.

"Baiwar Allah, tsakaninki da Allah, wane launi ne?"

"Ruwan ƙwai ne, Malam."

Sai ya lalubo reza a aljihu, ya yi bisimilla, ya fara farke askar dama, mai farin zaren, a zatonsa ita ce mai ruwan ƙwan.