Tutar da Kawu yake sayarwa

Shekarun baya, ni ne mai dafa abincin taron mutanenmu na Damagaram a Bronx, can ƙasar Turawa. Suna, walima, zaman makoki, duk sai an kira ni. Kowa ya san yadda nake, ya san mace ba ta gabana. Ba mai faɗa, ni ma ban faɗa ba. Mata su ja ni da wasa, maza su cinye tuwona su yi gaba, a haka muke zaune lafiya. Fargabata ɗaya ce a duniya, kada maganar ta kai kunnen mahaifiyata a gida.

Wata Lahadi a watan Yuni, abokin aikina ya matsa mini sai mun je Manhattan ganin jerin gwanon da masu irin halina suke yi duk shekara. Na sa hula hana-sallah da baƙin gilashi, wai ni mai wayo. Da na ga mutane bila adadin suna rawa a titi ba mai jifan kowa, wallahi sai da na yi ƙwalla. Na cire gilashin in share ido, na matsa wani tebur in sayi ƙaramar tuta mai launin bakan gizo.

Ina ɗaga kai, sai ga Kawu a bayan teburin. Dattijo ne ɗan unguwarmu a gida, shi yake kai wa mahaifiyata saƙona duk lokacin da zai je. Ga tutocin nan jibge a gabansa, har ya ɗaura ɗaya a jikin lemarsa don ta jawo masu saye.

Ya ce, "Kai ne a nan?"

Na ce, "Kawu, kai ma ai ga ka."

Ya ce, "Ni kasuwa ta kawo ni. Kai fa?"

Na durƙusa a gefen titi, a cikin wannan kiɗan, na ce, "Don girman Allah, Kawu, kada Inna ta ji." Ya ce Allah ya shirye ni, ya juya yana miƙa wa wani Bature tuta.

Kafin magariba labari ya zaga Parkchester, unguwar da mutanenmu suke zaune a Bronx. Waɗanda suka yi shekaru suna lashe miyata suka tuna hannuna ba shi da tsarki. Wannan bai dame ni sosai ba, can su ƙarata. Amma da Kawu ya je gida, ƙafa da ƙafa ya taka har tsakar gidanmu, ya faɗa wa mahaifiyata a gaban ƙannenta da maƙwabta. Wai ya sauke nauyi.

Ta daina ɗaukar wayata. Sai wata rana ta kira da kanta. Na fara rantse-rantsen ƙarya, ta katse ni.

Ta ce, "Bar wahalar da kanka. Ni na haife ka, tun kana ƙarami na sani. Abin da na yi ta roƙon Allah shi ne kada wani ya faɗa mini a gaban mutane. Yanzu an faɗa, ba ni da yadda zan yi. Kada ka ƙara kirana, ɗana."

Ban ƙara jin muryarta ba har ta rasu. Ƙanwata ce ta sanar da ni, bayan an binne ta.

Yanzu na bar Bronx, ina girkina a wani gidan abinci a Flatbush, ba wanda ya san dangina. Abokai kan ce in yafe don in huta. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba. Da ni kaɗai Kawu ya tozarta, da tuni na manta. Tsohuwa ce ta yi shekara da shekaru tana riƙe da ɗanta ta hanyar yin shiru, shi kuma ya je ya tilasta mata ta zaɓa. Ta mutu ba ta da ɗa namiji, alhali ina raye.