Ƙafafuna Sun Hana Ni Barci, Ni Kuma Ina Ɗaukar Fasinja

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a shafin nan, har wani ya baza cewa na tsallaka Libiya. Ina nan Gwammaja. Jinya na yi, kuma akwai abin da na ɓoye wanda yau zan faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, direban haya ne ni, motar wani nake ja, Kano zuwa Gusau.

Bayan ƙaramar salla abin ya fara. Da na kwanta sai in ji wani abu yana tafiya a cikin sharaɓata. Ba zafi ba ne, ba ƙaiƙayi ba. Kamar kiyashi ne a cikin ƙashi, inda hannu ba ya kaiwa. In na motsa ƙafar ya lafa, in na ajiye ta ya dawo.

Sai in tashi in yi ta zagaye tsakar gida. Ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, ƙarfe uku. Ba ya sakina sai dab da asuba, daidai lokacin fita tasha.

Matata Rabi ta ce, "Baban Ummi, ko ka samu barcin ma shurina kake yi. Dubi ƙwaurina." Ta koma tabarma.

Mu gidan wanzamai ne. Ƙanin mahaifina, Baba Ado na Koki, shi ya riƙe ni tun ina yaro, don haka wurinsa na fara zuwa. Ya matsa ƙafar ya ce, "Mataccen jini ne, na zaman mota." Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho huɗu, jini ya fito baƙi ƙirin. A daren na ɗan runtsa, sai na ce shi ke nan, an gano bakin zaren.

Na koma bayan sati biyu. Na koma bayan sati. Har shi da kansa ya ce, "Habu, ƙaho fa ba tuwo ba ne." Da ya ƙi yi min, sai na samu wani wanzamin a Ƙofar Mazugal, a ɓoye.

Da rana shayi mai kauri da goro don ido ya buɗe. Da dare maganin mura daga kemis don ido ya rufe.

Abin bai ragu ba, hawa ya yi. Ya kai cinya. Ya daina jiran dare, tun la'asar yake farawa, ina kan sitiyari.

Wata Talata da rana tsaka, mun wuce Malumfashi, mutum tara a mota. Kwana uku rabona da barcin kirki. Wallahi ban san na rufe ido ba. Salati kawai na ji da hon ɗin tirela, na buɗe ido na gan ni a hannunta. Na murɗa sitiyari muka gangara gefen titi. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Kafin a tambaye ni na ce, "Akuya ce ta gifta."

Wata dattijuwa a gidan gaba, da jikarta a cinya, ta ce, "Allah ya yi maka albarka ɗan nan, ka ceci rayukanmu." Har dabino ta ba ni.

Kun san abin da ya fi muni? Sai da na ƙara kwana tara ina lodi. Tsoron a karɓe motar ya fi min tsoron mutuwa.

Ranar da na gaya wa Rabi gaskiya, ɓoye mukullin ta yi. Ta ce, "Ko dai asibiti, ko in je in faɗa wa mai motar da bakina."

Na yanki kati, na bi layi. Maleriya babu, suga babu, hawan jini babu. Ni kuwa na riga na sa a raina shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. A zuwa na uku wata likita ta ce in naɗe wando. Ta daɗe tana kallon tabon tsagar.

"Malam, sau nawa aka yi maka wannan?"

Na kasa ƙirgawa.

Ta tura ni gwajin ayon, wato sinadarin ƙarfe da ke cikin jini, a wani ɗakin gwaji na kuɗi, ya cinye abin da nake samu a sati. Da sakamako ya fito ta ce ciwon sananne ne, ciwon rashin natsuwar ƙafa, kuma ƙarancin ayon na ta da shi. Nawa ya kusa ƙarewa.

Ta ce, "Abin da ƙafar take nema, shi ake zubarwa a ƙahon. Maganin murar nan kuma ƙara hura shi yake. Kada ka taɓa sitiyari sai na ce."

Mai motar ya ba wani direban.

Da na gaya wa Baba Ado, sai ya ce, "Da hannuna?" Na ce a'a Baba, ni na matsa, ni na je wani wurin. Ranar ko aski bai yi wa kowa ba.

Likita ta ɗora ni kan ƙwayar ƙarin jini, cin hanta da ganye, shayi kuma nesa da abinci. Sai da aka yi sati shida kafin na yi barcin awa biyar a jere. Na farka na yi ta kuka. Yanzu alhamdu lillahi, amma likita ta ce yana iya dawowa, kuma wani daren nakan ji shi yana leƙowa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, na gode wa Rabi da ta fi ni ƙarfin hali.

Duk mai jin irin wannan ya je asibiti ya faɗi yadda yake ji dalla-dalla, ya faɗi duk abin da yake sha da abin da aka yi masa a gida. Direbobi 'yan'uwana, na san ba ni kaɗai ba ne a tashar nan. In ba ka yi barci ba, ajiye mukullin.

Hajiyar gidan gaba, ban san sunanki ba. In wani naki ya karanta miki wannan, ki janye godiyar da kika yi min. Babu wata akuya. Barci na yi da ke da jikarki a mota. Don Allah ki yafe min.